Kuɗin Koyon Nutso da Tukunyar Iska: Wane Farashi Ne Daidai, Wane Ne Ƙwange?

Kwanakin baya wani ƙanena da ke karatu a Alƙahira ya turo mini hotunan talla guda uku ta waya. Duk na kwas ɗaya ne, matakin farko na koyon nutso da tukunyar iska a teku, wanda shagunan ke rubutawa Open Water Diver a allunansu. Na farko yuro 270, na biyu yuro 390, na uku kuwa, na cikin wani babban otal, ya tasam ma dala 750. A ƙasan hotunan ya rubuta: "Yaya, kati iri ɗaya fa za su bayar. To wa ke cutar wa?"

Da gaskiyarsa, katin ɗaya ne. Wanda ya biya 270 da wanda ya biya 750, duk an yarje musu su nutsa zurfin mita 18 tare da abokin nutso, ba sai da malami ba, kuma katin ba ya ƙare aiki har abada. Sai dai ba katin ake saye ba. Abin da kuɗin ke saya shi ne lokacin malami a cikin ruwa, da yawan mutanen da za ku raba wannan lokacin. Da wannan ma'aunin na yi masa bayani, kuma da shi zan bi zaɓuɓɓukan a nan, don na san akwai 'yan uwa a Masar, Jidda, Malesiya, Ingila da Amurka da ke wannan lissafin.

Me kwas ɗin ya ƙunsa?

Manyan ƙungiyoyin da ke ba da shaida sun yi ittifaƙi a kan mafi ƙarancin abin da za a koyar. A tsarin PADI, wadda ta fi kowace yaɗuwa, akwai karatu babi biyar da jarrabawa, sai darasi biyar a tafkin ninkaya ko a ruwa mara zurfi mai kwanciya, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa, waɗanda ba a yarda a yi su duka a yini ɗaya ba. Za a kuma gwada ka da iyon mita 200 ba tsayawa, da zama a saman ruwa na minti 10. Yaro ɗan shekara 10 zai iya shiga, amma da nasa sharuɗɗan.

Karatun ba na ado ba ne. Kowace mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda. Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10 za ta ninka girmanta in ka taso da ita sama, don haka mai riƙe numfashi yana tasowa zai iya fasa huhunsa. A nan ne gwanin rafi ke shiga haɗari fiye da baƙon ruwa: wanda ya tashi a bakin Gulbin Kebbi ko Kogin Haɗeja, ya saba cika ƙirji ya lume, dole ya kwance wannan sabon gaba ɗaya. Sai kuma iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini a ƙarƙashin matsi, wadda in an taso da gaggawa take yin kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza. Shi ya sa ake tasowa sannu, a tsaya minti 3 a mita 5. Tukunyar ma, mutane da yawa na ɗauka iskar asibiti ce a ciki. Iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matsa zuwa ma'aunin "bar" 200, wato wajen ninki 200 na matsin iskar duniya.

Ma'aunai biyar

Na farko, cikakken kuɗi. Ba wanda ke kan allo ba, wanda zai fita daga aljihunka daga ranar rajista zuwa ranar da kati ya shigo wayarka: karatu, rajistar shaida, hayar kaya, jirgin ruwa, kuɗin shiga wurin nutso, haraji.

Na biyu, ɗalibai nawa ga malami ɗaya. Ƙa'ida ta yarda har takwas a buɗaɗɗen ruwa. Yi lissafin da kanka. In kowane nutso minti 40 ne, huɗu sun zama minti 160, ko awa uku ba su cika ba. Raba wa mutum takwas, kowa ya tashi da minti 20 na idon malami a duk kwas ɗin. Raba wa mutum biyu, kowa ya sami minti 80. Wannan ma'aunin ya fi sauran nauyi a wurina.

Na uku, kwana nawa, kuma me zai faru in ka kasa wani darasi. Za a ƙara maka rana kyauta, za a caje ka, ko za a yi maka alamar "ya wuce" don kada jadawali ya rikice?

Na huɗu, ɗorewar abin da ka koya. Kati ba ya tsufa, amma hannu na mantuwa. Wanda ya koya ya ajiye shekara guda sai ya biya kuɗin tuni kafin shago mai mutunci ya ba shi tukunya.

Na biyar, haɗari: lafiyar kaya, iskar oksijin ta ceto a kan jirgi, da nisan wurin daga ɗakin matsin iska da ake jinyar masu ciwon kumfar jini.

Zaɓi na ɗaya: garuruwan araha

Akwai wuraren da nutso ya zama sana'ar gari: Dahab a gaɓar Sinai ta Masar, tsibirin Ko Tawo a Tailan, Utila a Honduras, tsibiran Perhentian da Tioman a Malesiya. A 'yan shekarun nan farashinsu na yawo tsakanin dala 300 da 450, a kwana uku zuwa huɗu, yawanci har da kaya. A Ko Tawo za ka ji bat (kuɗin Tailan) 10,000 zuwa 12,000, wasu ma su haɗa da ɗakin kwana.

Arahar tana da dalili, ba lallai ha'inci ba ne. A Dahab ba ka buƙatar jirgin ruwa: ka saɓa tukunya, ka taka daga gaɓa, ka shiga. An cire kuɗin mai, an cire na matuƙi, an cire na hayar tafki domin a gefen teku ake darasin farko. Ruwan da ɗumi, rigar roba mara kauri ta isa mafi yawan shekara. Shaguna kuma sun yi yawa, kowa na karya wa ɗan uwansa farashi. Ko Tawo kuwa yawan ɗalibai ne ribarsu, kamar mai tuwon tasha.

A Dahab na koya, kuma ban fara da ƙafar dama ba. Na zaɓi shagon da ya fi kowa araha a layin, na ba da kafin alƙalami. Washegari aka ce karatu da rajistar kati daban ne, na ƙara yuro tamanin. Mu shida ne ga malami ɗaya. Muka durƙusa a kan yashi a zurfin da bai kai mita uku ba, aka zo darasin cire gilashin fuska a mayar. Ni mai gashin baki ne, ba wanda ya gaya mini cewa gashin na hana robar gilashin kama fata, tun farko ruwa ke tsiyayowa yana taruwa a ƙarƙashin hancina. Da na cire gilashin sai ruwan gishiri ya haura hancina, na ƙware, na tashi fit kamar an tsikare ni, na fito sama ina tari. Malamin ya biyo ni, ya dafa kafaɗata, ya ce in sake. Na sake a daddafe, ido rufe, zuciya na dukan uku-uku. Ya ɗaga mini yatsu alamar ya yi kyau, ya wuce wurin na gaba. Ba mugu ba ne, mutum biyar ke jiransa a durƙushe. Amma ni na san ban iya ba. In a mita 18 wannan abin ya faru, ba tari kawai zan yi ba.

Na tsayar da kwas ɗin, na biya wata malama a wani shago kuɗin yini guda. Ta sa na rage gashin da ke dab da hanci, ta zaunar da ni a ruwa iya ƙirji ina numfashi ta bututu ba gilashi har na gaji da tsoro, sai da muka yi cirewa da mayarwa wajen sau goma sha biyar. Da na haɗa lissafi, na kashe fiye da abin da shagon tsakiyar farashi ya nema tun farko. Araha ba ta ado.

Duk da haka ba na kushe garuruwan nan. A cikinsu akwai shagunan da ba sa wuce ɗalibai huɗu, kuma malamansu na shiga ruwa kusan kullum, hannunsu ya faɗa. Bambancin mai kyau da mai cunkoso bai fi dala 60 zuwa 100 ba. A Masar, shago halastacce na da lasisin hukumar CDWS mai kula da harkar nutso, ka nemi ganinsa. Akwai ɗakin matsin iska a Sharm el-Sheikh, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya daga Dahab. Rauninsu na gaskiya shi ne ɗorewa: kwana uku a jere, ka koma gida, bayan wata shida rabin abin ya zube. Sai kuma yanayi. Ko Tawo da Utila garuruwan matasa masu yawon buɗe ido ne, dare na kiɗa da giya, wanda bai saba ba zai takura. Tsibiran gabashin Malesiya sun fi sauƙi ga Musulmi ta wajen abinci da sallah, amma ana rufe su lokacin damina mai iska, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu. A Dahab kuma wani zai yi maka tayin rami mai suna Blue Hole. Yin iyo a gefensa ba laifi, amma ƙofar da ke ƙasan, wajen mita 55, ta ci rayukan ƙwararru da dama. Sabon kati ba shi da haɗi da ita.

Zaɓi na biyu: shagon garin da kake zaune

Ga mazaunin Amurka ko Ingila, talla kan nuna adadi mai daɗin ji, amma da wuya ka gama ƙasa da dala 500, sau da yawa ya kai 800. Abin da ke kumbura shi sananne ne. Karatun intanet na PADI kaɗai, in ka saya da kanka, ya kai wajen dala 200. Shaguna da yawa a Amurka na tilasta ɗalibi ya sayi gilashinsa, bututunsa da takalman iyonsa, wani 150 zuwa 300 ke nan. Nutso huɗun ƙarshe kuma a kan caje su daban, da kuɗin shiga tsohon ramin haƙar dutse da ruwa ya cika, irin Stoney Cove a Ingila, inda sanyi kan sa a ƙara darasin busasshiyar riga, wadda ke hana ruwa taɓa jiki.

Shin zalunci ne? Na duba ta kowace fuska ban ga zalunci a jimillar ba. Mai shago na biyan hayar tafki da awa, yana biyan inshora, yana gyaran injin matsa iska, yana sabunta na'urorin shaƙa, malami kuma na biyan kuɗin sabunta lasisinsa duk shekara. Sanannen abu ne a wannan sana'ar cewa kwas ɗin farko ba shi ne ke kawo riba ba. Ƙugiya ce: a koya maka da ɗan sauƙi, a ci riba a kayan da za ka saya da tafiye-tafiyen da za ka bi. Inda nake ganin ƙwange shi ne tallar da ke ɓoye rabin kuɗi, da mai shagon da zai kai ɗalibin da bai taɓa shiga teku ba gaban falmaran mai hura iska da kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu ya ce gara ya saya yanzu. Gilashin da ya dace da fuskarka ya cancanci saye. Sauran ka yi haya har sai ka san irin nutson da za ka riƙa yi.

Amfanin wannan zaɓin shi ne ana shimfiɗa karatun a makonni, abin na zama a jiki, kuma ka sami abokan nutso a garinku. Wanda ya koya a ruwa mai sanyi da duhu, ranar da ya shiga Bahar Maliya sai ya ji kamar an buɗe masa taga.

Jidda ta fita daban, domin gari ne babba kuma teku na bakin ƙofa. Farashinta ya fi na Masar, bai kai na otal-otal ba, ana nutso daga gaɓa a yankin Obhur, kuma akwai malamai mata. Mazaunin Jidda ko Makka ba shi da dalilin hawa jirgi don neman araha, kuɗin tikiti zai cinye ragin.

Zaɓi na uku: raba biyu

Ka yi karatu da darussan tafki a garinku, malami ya ba ka takardar miƙawa, ka je ƙasa mai ruwan ɗumi ka yi nutso huɗun cikin wata 12. Kusan kullum ya fi tsada, don shago biyu ke cin kuɗinka. Abin da ka saya shi ne nutsuwa: ka ƙware a tafki ba tare da agogon hutu na bin ka ba. Matsalarsa ɗaya, malamin da zai kai ka teku bai san rauninka ba, sai ka faɗa masa da bakinka.

Zaɓi na huɗu: kulob

A Ingila akwai BSAC, ƙungiyar kulob-kulob na masu nutso, tun 1953. A Faransa da ƙasashe da dama akwai kulob-kulob masu bin tsarin CMAS, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu nutso ta duniya, wadda aka kafa a Monako a 1959, Jak Kusto, shahararren mai binciken teku ɗan Faransa, ne shugabanta na farko. Malaman kulob 'yan sa-kai ne, ba albashi suke karɓa ba. Kana biyan kuɗin zama mamba na shekara da kuɗin reshe, a koya maka dare ɗaya a mako, a ara maka kaya. Matakin farko nasu na kai mita 20.

In an auna kuɗi da awannin koyarwa, babu wanda ya kama ƙafar kulob. In an auna da lokaci, shi ne mafi tsada: wata uku, wata shida, wani lokaci sai an jira bazara, domin malamin na da aikinsa da iyalinsa. Za kuma a sa ran ka ɗauki tukwane, ka wanke jirgi, ka zo taro. Ga ɗalibin jami'a da zai yi shekara uku a Ingila, wannan garaɓasa ce, musamman da yake jami'o'i da dama na da reshensu. Ga ɗan kasuwa mai mako ɗaya, ba nasa ba ne.

Zaɓi na biyar: otal ko malami naka kai kaɗai

A Maldibs da manyan otal-otal na bakin teku, dala 600 zuwa 900 ba abin mamaki ba ne. Zanzibar na tsakiya, wajen 450 zuwa 600. Wani ɓangare na kuɗin na da hujja, domin komai da jirgi ake kai shi tsibiri. Wani ɓangaren kuwa kason otal ne, da kuma sanin cewa ba ka da wani shagon da za ka je. Tsada a nan ba ta nufin ƙaramin aji. Na ga ajin otal mai mutum shida, tawul ne kawai ya fi na Dahab laushi. In za ka biya irin wannan kuɗin, ka biya shi a kan malami naka kai kaɗai ko ku biyu, wanda a garuruwan araha ma ana samu da ƙarin dala 100 zuwa 200.

Gwaji na yini ɗaya

Wannan ba kwas ba ne, ɗanɗano ne. Dala 50 zuwa 120, malami na riƙe da kai, ba a wuce mita 12, ba kati. Akwai kuma rabin kwas mai suna Scuba Diver, na kwana biyu, wanda katinsa bai wuce mita 12 ba kuma dole sai da ƙwararre a tare. A kula da wannan, domin wasu tallace-tallacen masu arahar ban mamaki shi suke nufi.

| Zaɓi | Cikakken kuɗi, kimanin dala | Tsawon lokaci | Ɗorewar koyo | Babban haɗarinsa |
|---|---|---|---|---|
| Garin araha | 300–450 | kwana 3–4 | matsakaici | cunkoson aji, gaggawa |
| Shagon garinku | 500–800 | mako 2–6 | mai kyau | ɓoyayyun kuɗi, tallar kaya |
| Raba biyu | 600–900 | har wata 12 | mai kyau | malami biyu ba su san juna ba |
| Kulob | kuɗin mamba na shekara | wata 3–6 ko fiye | mafi kyau | jinkiri |
| Otal | 600–900 | kwana 3–4 | matsakaici | tsada ba ƙarin kulawa |
| Gwaji | 50–120 | rabin yini | babu kati | a ɗauka an koya |

Ba a sa tikitin jirgi, biza da masauki a ciki ba, kuma farashi na motsi da kaka da canjin kuɗi.

PADI ko SSI?

Mutane na ɓata lokaci a kan wannan fiye da kima. SSI da NAUI ƙungiyoyin ba da shaida ne irin PADI. An kafa PADI a Amurka a 1966, SSI a 1970, NAUI ta riga su a 1960. Shaguna a duniya na karɓar katin kowace, kuma za ka iya fara da ɗaya ka ci gaba da wata. SSI kan ɗan fi sauƙi domin kayan karatunta na manhajar waya ba su kai na PADI tsada ba, shi ya sa shago ɗaya zai iya ba ka farashi biyu. Nagartaccen malami da kowane tambari ya fi malalaci da tambarin da ya fi suna.

Kuɗin da ba ya cikin kowace talla

Lafiya tukuna. Kafin a sa ka a ruwa za ka cike takardar tambayoyi, kuma wasu amsoshin na buƙatar sa hannun likita. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, tiyatar kunne ko huhu, duk suna ciki, mai juna biyu kuma ba ta nutso. Mu da ciwon sikila ya yi yawa a cikinmu sai mu ƙara kula: mai sikila ba a ba shi shawarar nutso da tukunya, mai ɗauke da rabin ƙwayar kuma ya tattauna da likitan da ya san harkar kafin ya biya ko sisi. Shaguna da yawa ba sa mayar da kuɗi in likita ya hana bayan an fara. Kada kuma a yi ƙarya a takardar don gudun kuɗin asibiti.

Sai iyo. Da yawanmu mun tashi nesa da ruwa, kuma mita 200 ba wasa ba ce ga wanda iyonsa na kududdufi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka biya mai koyar da ninkaya na wata ɗaya ko biyu kafin ka yi rajista. Wannan kuɗin na cikin farashin kwas ɗinka ko ba a rubuta ba.

Sai inshora. Jinya a ɗakin matsin iska na cin dubban daloli, kuma inshorar tafiya ta yau da kullum ba lallai ta ɗauka ba. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso, wadda ta faro a 1980, ita aka fi sani a wannan fanni, wasu shagunan ma na sa ɗalibansu a ƙarƙashinta lokacin kwas. Ka tambaya.

Sai kwanan da za ka ƙara a masauki. Ba a hawa jirgin sama sai bayan aƙalla awa 12 da nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa, mutane da dama na cika 24. Hawa tudu ma haka yake. Wanda ya gama a Dahab kada ya bi masu hawa Dutsen Sinai a daren, tsayinsa ya haura mita 2,200. Wanda ya nutsa a Jidda da safe kada ya kama hanyar Ɗa'ifa da yamma. Cikin azumi kuma ni ba zan sa kwas ba, ƙishirwa na ƙara haɗarin kumfar jini, ga ruwan da ke shiga baki da hanci ba shiri.

Wata magana da ya kamata in faɗa ƙarara, don an sha tambaya ta: wannan katin ba ya ba ka aikin nutso a kamfanonin mai na Neja Delta. Wancan nutson sana'a ne, da makarantunsa daban, ana yin watanni, kuɗinsa dubban daloli, kuma shaidar da ake nema irin wadda ƙungiyar IMCA ta kamfanonin ayyukan teku ta amince da ita ce. Harrison Okene, kukun da ya rayu kusan awa 60 a cikin jirgin Jascon-4 da ya kife a tekun Najeriya a 2013, da ya yanke shawarar zama mai nutso irin waɗanda suka ceto shi, wancan horon ya yi. Duk wanda ya sayar maka da kwas na kwana huɗu da sunan hanyar aikin mai, ya cuce ka ko nawa ya karɓa.

Wanne ya dace da wa?

Ɗalibi ko ma'aikaci a Masar, irin ƙanena: Dahab, shagon tsakiyar farashi, a rubuce cewa aji bai wuce mutum huɗu ba, kwana huɗu, komai a ciki. Shi dai na 390 ya ɗauka, bayan ya aika musu tambaya sun amsa cewa su uku ne a ajin kuma ranar ƙari kyauta ce.

Mazaunin Jidda, Makka ko Madina: ka koya a Jidda, ka ci gaba da shiga ruwa ƙarshen mako. Mace mai son malama mace da kayan da ke rufe jiki, Jidda da Malesiya da wasu shagunan Masar sun fi sauƙin samu. Rigar robar ta rufe daga wuya zuwa idon sawu, akwai hularta, amma tana kama jiki, ki tambayi shagon ko sun yarda a ɗora wata a kai da kuma inda ake sauya kaya.

'Yan uwa na Fot Sudan, ruwanku na cikin mafi kyau a duniya, ga tsibirin murjani na Sanganeb, ga jirgin Umbria da ya nutse a 1940, ga Sha'ab Rumi inda Kusto ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963. Amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da harkar, kuma wuraren ba na sabon shiga ba ne. Matakin farko ya fi sauƙi a Masar ko Jidda.

Wanda zai daɗe a Ingila ko Faransa kuma aljihu ba nauyi: kulob. Mai albashi a Amurka ko Turai da ba ya son sanyi: raba biyu. Mai tsoron ruwa, ko wanda shekaru suka ɗan ja, ko mai kai yaro: malami na kai kaɗai, a garin araha, ba a otal ba.

Mai tasowa daga Kano, Yamai ko Tamale takanas don wannan: tikiti da biza za su ninka kuɗin kwas sau biyu ko uku, saboda haka ragin dala 50 ba abin kallo ba ne. Ka ƙara kwana biyu bayan kati, ka yi nutso huɗu ko shida da jagora domin abin ya zauna. In kuwa ka san ba za ka sake ganin teku ba sai bayan shekaru, ka yi gwajin yini ɗaya, ka ga kifayen, ka riƙe sauran kuɗinka.